Galaksi mai sanda a tsakiya: meye shi, kuma ta yaya aka hango ceers-2112?

Tambayar da aka turo min ita ce: "Salam malam, na ga labari wai an gano wani galaksi can nesa mai kama da namu, wai yana da sanda a tsakiyarsa kuma masana sun sha mamaki. Wace irin sanda ce kuma a sama? Ta yaya suka gan shi, kuma meye abin mamakin tunda kullum cikin gano sababbi ake?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daga yadda ka kwatanta, labarin ceers-2112 ka gani, wanda aka buga bincikensa a mujallar Nature a watan Nuwamba na 2023, jagoran binciken Luca Costantin ne na cibiyar Centro de Astrobiología da ke Madrid a Sifaniya. Kuma ka yi gaskiya da ka ce kullum ana gano sababbi, in don nisa ne kawai ai ba wanda zai ɗaga kai ya kalle shi, na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta hango waɗanda suka fi shi nisa nesa ba kusa ba. Abinda ya sa aka yi ta magana a kansa shine siffarsa ta manya ce alhali a lissafi yaro ne. Amma sai ka fahimci meye sandar tukuna sannan wannan maganar zata shiga, don haka bari in fara daga nan.

Galaksi dai tarin taurari ne biliyoyi da gas da ƙura waɗanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri ɗaya, Ranarmu tauraro ɗaya ce tak a cikin namu, wato Milky Way. Wasu galaksoshin a dunƙule suke kamar ƙwai, wasu ba su da wata siffa, wasu kuma a baje suke kamar faifai suna juyawa, da hannuwa masu murɗewa suna fita daga tsakiya. To a cikin waɗannan masu hannuwan akwai kala biyu. Akwai wanda hannuwansa ke fitowa kai tsaye daga curin da ke tsakiya, akwai kuma wanda zaka ga wani miƙaƙƙen layi mai haske ya ratsa tsakiyar daga wannan gefe zuwa wancan, sai hannuwan su tashi daga bakin layin, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Wannan layin shine ake ce wa sanda. In kana so ka gani da idonka nemi hoton galaksin NGC 1300 da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka, yana da nisan kusan shekarar haske miliyan 60 (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke tafiya a cikin shekara ɗaya), da ka gan shi ba sai an yi maka bayani ba, sandar ta fito ɓaro-ɓaro har da wasu baƙaƙen layukan ƙura guda biyu da suka bi gefenta suna shiga tsakiya. Tun 1926 masanin taurari Edwin Hubble ya ware irin waɗannan ya ba su alamar SB a rabe-rabensa, kuma har yau da ita ake aiki.

Ita sandar ba wani abu ba ne mai tauri da zaka taɓa, taurari ne zalla. Abinda ke faruwa shine taurarin da ke wajen tsakiya maimakon su riƙa zagaye a da'ira sosai, sai hanyarsu ta miƙe ta zama doguwa kamar ƙwai, in miliyoyin irin waɗannan hanyoyi suka jeru suna fuskantar gefe ɗaya sai nauyinsu ya haɗu ya ƙara jawo wasu taurarin su ma su shiga layi, abin ya yi ta ƙaruwa. Kowane tauraro yana ta kai da komo a cikin sandar, ita kuma siffar gaba ɗayanta tana juyawa a hankali kamar fuka-fukin fanka. Kuma ba ado ba ce kawai, aiki take yi: tana rage wa gas ɗin da ke cikin faifan ƙarfin juyawarsa sai ya gangara zuwa tsakiya, waɗancan baƙaƙen layukan na NGC 1300 da na ce maka hanyar da gas da ƙura ke bi kenan, in ya taru a can sai a yi ta haihuwar sababbin taurari, wani ma ya kai ga ciyar da babban baƙin ramin da ke can ƙurya, wato wurin da jan nauyi ya yi ƙarfin da ko haske baya iya kuɓucewa.

A galaksoshin da ke kusa da mu, wajen kashi biyu cikin uku na masu hannuwa suna da sanda. Namu ma yana da ita, amma an daɗe ba a tabbatar ba saboda muna zaune ne a cikin faifan, nisan kamar shekarar haske 26,000 daga tsakiya, ga ƙura ta tare mana gani, kamar a ce mutum yana tsakiyar daji ya faɗi siffar dajin. Gérard de Vaucouleurs ya kawo maganar tun 1964 daga yadda gas ke motsi a wajen tsakiya, sai a farkon shekarun 1990 hotunan infared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido baya gani, suka ƙarfafa ta, sannan a 2005 na'urar Spitzer ta ƙirga miliyoyin taurari aka fitar da cewa tsawon sandar ya kai kusan shekarar haske 27,000. Riƙe wannan adadin, zamu dawo kansa.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sanda ba ta fitowa sai faifai ya natsu. Masana suna cewa faifai "mai sanyi", ba wai sanyin jiki suke nufi ba, suna nufin taurarin suna tafiya a tsare a gefe ɗaya kowa a layinsa, babu hargitsi da yawa. In taurari suna ta watsewa wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, hanyoyinsu ba zasu taɓa jeruwa ba balle sanda ta fito. Kuma abinda aka sani game da galaksoshin farkon zamani shine hargitsi ne tsantsa, gas ya yi musu yawa yana ta tafasa, taurari na fashewa, galaksi na karo da galaksi akai-akai saboda a lokacin sararin samaniya bai faɗaɗa kamar yanzu ba, kowa na kusa da kowa. Don haka aka ɗauki sanda a matsayin alamar girma, kamar furfura, sai galaksi ya kwana biyu yake yin ta. Hotunan Hubble ma sun goyi bayan haka, a 2008 Kartik Sheth da abokan aikinsa suka duba galaksi masu hannuwa sama da 2,000 suka ga cewa shekara biliyan 7 da suka wuce kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai ke da sanda, alhali a yau sun kai wajen kashi 65. Kwaikwayon da ake yi a kwamfuta shi ma ya nuna cewa in ka koma baya fiye da shekara biliyan 9 ko makamancin haka, da ƙyar zaka samu sanda a irin galaksin da zai girma ya zama kamar namu.

Sai ga ceers-2112. Hasken da muke gani nasa ya baro shi kusan shekara biliyan 11.7 da suka wuce, sararin samaniya baki ɗaya kuma shekarunsa biliyan 13.8 ne, kaga kenan muna ganinsa ne a lokacin da komai da komai bai wuce shekara biliyan 2 da 'yan kai ba. Ranarmu da Duniyarmu sai bayan shekara biliyan 7 da wannan lokacin aka same su. Amma ga shi da faifai, ga hannuwa, ga sanda. Nauyin taurarinsa an ƙiyasta ya kai na Rana biliyan 3.9, wanda ƙarami ne in ka gwada da namu na yau da ke da wajen biliyan 50 zuwa 60, amma ya yi daidai da abinda ake zaton namu yake da shi a wancan shekarun. Shi ya sa jaridu suka yi ta cewa an gano "tagwayen" Milky Way ko "kakansa". A nan zan ja maka kunne, ba wai namu galaksin muke kallo yana yaro ba, ba zai yiwu ka hango yarintar gidan da kake zaune a ciki ba. Wani ne daban, sa'ansa, wanda kallonsa ke ba mu hoton yadda namu zai iya kasancewa a lokacin.

Wani abu da ke rikita mutane, in an ce hasken ya yi tafiyar shekara biliyan 11.7 sai su ce to nisansa shekarar haske biliyan 11.7 kenan. A'a, duk tsawon lokacin da hasken ke kan hanya sararin yana ta faɗaɗa, don haka a yanzu haka inda yake ya kai wajen shekarar haske biliyan 21 daga nan. Shekarar haske ɗaya kuma kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce, sai ka ninka da kanka in kana da ƙarfin hali.

Sai yadda aka gan shi, wanda ni a wajena nan ne daɗin labarin yake. Wannan faɗaɗar da na ambata tana miƙar da haske, kamar ka zana layi a jikin roba ka ja ta, duk hasken da ya daɗe a hanya sai zangonsa ya ƙara tsawo ya karkata zuwa ja, ya wuce ja ya shiga infared inda idon mutum baya gani. Ana auna wannan da wata lamba da ake kira z, ta ceers-2112 kusan 3 ce, ma'ana kowane haske da ya fito daga gare shi ya ninka tsawonsa sau 4 kafin ya iso. To ga matsalar Hubble: iyakar inda take gani a infared wajen maikiron 1.6 zuwa 1.7 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne, da shi ake auna tsawon zangon haske. Raba 1.6 gida huɗu, ka samu 0.4, wato shuɗin haske da abinda ya wuce shi. Kenan duk abinda Hubble ke gani a galaksi mai irin wannan nisan hasken taurari ne sababbi masu zafi, waɗanda ke zaune curi-curi nan da can, kuma shuɗin haske shine ƙura ta fi saurin haɗiyewa. Ita kuwa sanda yawancinta tsofaffin taurari ne masu jan haske, ga ƙura a jikinta. Kaga ko da sandar na nan Hubble ba zata nuna ta ba, abinda zaka gani 'yan ɗigo-ɗigo ne marasa tsari, sai ka ce ai galaksin ne bai natsu ba. Wani ɓangare na abinda muka ɗauka halin galaksoshin dā ne, ashe gazawar tabaraunmu ce.

James Webb don wannan aka ƙera ta. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou a Guiana ta Faransa, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga Duniya, madubinta faɗin mita 6.5 ne mai gutsure 18 da aka shafe da zinare, na Hubble kuwa mita 2.4 ne. Kyamararta NIRCam tana gani daga maikiron 0.6 har zuwa 5, in ka ɗauki filtarta, wato matatar da ke barin kala ɗaya ta haske ta wuce, ta maikiron 4.4 ka raba huɗu ka samu 1.1, daidai inda tsofaffin taurari ke haskawa kuma ƙura bata iya tare shi sosai. Sunan ceers ɗin daga shirin binciken ya samo asali, CEERS, wanda Steven Finkelstein na Jami'ar Texas da ke Austin ke jagoranta, ɗaya ne daga cikin shirye-shiryen farko da na'urar ta yi a 2022 aka saki bayanansu ga kowa ba tare da ɓata lokaci ba, 2112 kuma lambarsa ce kawai a jerin. Sun nufi wani ɗan siririn yanki na sama da ake kira Extended Groth Strip, tsakanin ƙungiyoyin taurari na Ursa Major da Boötes, an zaɓe shi ne don yana nesa da ƙurar faifanmu kuma Hubble ta riga ta daɗe tana ɗaukar hotonsa, sai a samu abin gwadawa.

Kar ka ɗauka wai sun buɗe hoto ne suka ga wani abu mai kyau kamar NGC 1300. In ka ga ainihin hoton ceers-2112 zaka iya cewa yaudararka aka yi, wani ɗan dusu-dusun tabo ne mai tsawo-tsawo. Bari in nuna maka ƙanƙantarsa. Ana raba digiri ɗaya na sama gida 3,600, faɗin cikakken wata ya kai wajen 1,800 na waɗannan gidajen. A nisan z na 3, gida ɗaya yana ɗaukar kusan shekarar haske 25,000. Ka tuna sandar namu 27,000 ce? To in ka ɗauke ta ka kai ta can, duk tsawonta gida ɗaya ne da ɗan ɗori, wato ka yanka faɗin wata sau 1,800 ka ɗauki yanki ɗaya. A kyamarar NIRCam ɓangaren dogon zango, kowane ɗigon hoto yana ɗaukar 0.063 na gida, kaga sandar gaba ɗaya bata kai ɗigo 20 ba. Da waɗannan 'yan ɗigon ake aiki.

Shi ya sa ba a yarda da ido kawai. Hanyar da aka fi amfani da ita, kuma ita ce farkon abinda ake koya wa ɗalibi a wannan fannin, shine kwamfuta ta zana zobba a kan hoton, kowane zobe ya bi wuraren da haskensu ya yi daidai, daga tsakiya zuwa waje. In akwai sanda zaka ga zobban suna ta ƙara tsawo suna siririncewa amma duk suna fuskantar gefe ɗaya ba sa juyawa, sai kwatsam daidai inda sandar ta ƙare su koma kusan da'ira kuma fuskarsu ta canza. Wannan tsalle na kwatsam shine sa hannun sanda. Hanya ta biyu a ƙirƙiri hoton galaksi sumul mara komai a cire shi daga ainihin hoton a ga me ya rage, hanya ta uku a warware hasken da lissafi a ga ko ɓangaren da ke da fuska biyu, nan da can, ya yi ƙarfi a wani tazara. Su Costantin sun haɗa hotunan filta daban-daban na NIRCam suka bi irin waɗannan hanyoyin, duk suka nuna abu ɗaya. Dalilin wannan wahalar shine akwai abubuwan da ke kwaikwayon sanda, faifan da ka hango ta gefe a karkace shi ma dogo yake fitowa, haka galaksi biyu da ke cikin haɗewa.

Daga nan suka fitar da wasu maganganu uku, kuma ni ban ba su nauyi ɗaya ba. Na farko, sanda zata iya fitowa cikin kamar shekara miliyan 400, ba sai biliyoyi ba. Na biyu, tunda sai faifai ya natsu kafin ta fito, to natsattsun faifai suna nan tun fiye da shekara biliyan 12 da suka wuce. Waɗannan biyun suna bin juna kuma sun kwanta min. Na ukun shine wanda aka fi yi wa mummunar fahimta, cewa a tsakiyar wannan galaksin abu na yau da kullum, wato taurari da gas, ya rinjayi ɓoyayyen abin nan da ake kira dark matter, wanda ba a gani sai dai a ji nauyinsa. Asalin maganar tun 1973 ne, lokacin da Jeremiah Ostriker da Jim Peebles suka yi kwaikwayo a kwamfuta suka ga faifan taurari in shi kaɗai ne nan da nan yake lanƙwashewa ya yi sanda, amma in an lulluɓe shi da ƙaton curi na nauyi da ba a gani sai ya tsaya daram. Don haka sanda da wuri tana iya nufin faifan ne ke da iko a tsakiya. To amma wannan hasashe ne daga siffa, ba wai sun auna gudun juyawar taurarin suka ga haka ba, kuma kwaikwayon da aka yi daga baya ya nuna ɓoyayyen abin yana iya ma taimaka wa sanda ta ƙara ƙarfi. Duk wanda ya ce maka wannan binciken ya nuna babu ɓoyayyen abu, ko ya rusa maganar Babbar Fashewa, wato Big Bang, bayanin da masana ke yi na farkon sararin samaniya, to kanun labari ya karanta ya tsaya. Abinda ya taɓa shine jadawalin girman galaksi, an ga abin ya fi sauri fiye da yadda kwaikwayonmu ke nunawa, sai a koma a gyara kwaikwayon.

Akwai kuma wani ɗan ƙarin bayani da ya kamata ka sani. Wannan z na 3 ɗin a takardar da aka buga daga launi aka ƙiyasta shi, wato a gwada hasken galaksin a filta da yawa a nemo inda ya faɗi kwatsam, domin hasken tarin taurari yana da wata gaɓa da aka sani a wajen maikiron 0.4, in ka same ta ta koma wajen 1.6 ka san an ninka sau 4. Hanya ce mai kyau kuma da filta masu yawa tana yin daidai, amma wadda ta fi ta ƙarfi ita ce a warware hasken kamar bakan gizo a ga layukan haidurojin da oksijin a auna matsawarsu kai tsaye.

Abinda ya fi gamsar da ni ma ba shi kansa ceers-2112 ba ne, shine ba shi kaɗai ba ne. Galaksi ɗaya zai iya zama baƙo, amma tun a watan Janairun 2023 Yuchen Guo da Shardha Jogee na Jami'ar Texas suka nuna guda shida masu sanda daga wannan shirin na CEERS, biyu daga ciki na wajen shekara biliyan 11 da suka wuce. Ɗayansu, EGS-23205, shine misalin da nake so kowa ya gani, a hoton Hubble wani dusasshen faifai ne ba komai, a hoton Webb ga sanda nan zar ga hannuwa, galaksi ɗaya wuri ɗaya. Sannan a 2025 Shuo Huang da abokansa a Japan suka buga bincike kan J0107a, na shekara biliyan 11.1 da suka wuce, wanda aka ci karo da shi a bayan wasu galaksi biyu masu haɗewa da ake kira VV 114, shi wannan ƙato ne, ya ninka namu nauyi fiye da sau 10 kuma yana haifar taurari da saurin da ya ninka namu wajen sau 300. A nasa sun yi amfani da ALMA, tarin farantan hangen nesa 66 da ke hamadar Atacama a Chile, suka auna motsin gas ɗin kansa suka ga sandar tana tura shi tsakiya, wato irin awon da nake cewa ya fi hoto ƙarfi.

In kuma kana tunanin ko zaka iya hango ceers-2112 da ƙaramin madubin hangen nesa, cire rai, sai dai a allo. Amma akwai mai sanda da ake gani da ido ƙuru-ƙuru a sararin kudu in dare ya yi duhu sosai, Babban Gajimaren Magellan, ƙaramin galaksi ne maƙwabcinmu mai nisan kusan shekarar haske 160,000, hannu ɗaya gare shi, kuma wancan ɓangaren nasa da ya fi haske mai tsawo-tsawo ita ce sandarsa.